Gaiwa, Saniya da Tarwaɗa: Tarihin Rarrabe Halittu Bisa Salsalarsu

A shekarar 1978 masana ƙasusuwan dabbobi suka yi taronsu na shekara-shekara a garin Reading ta ƙasar Ingila. Ana cikin mahawara sai wani dattijo daga cikinsu ya jefo tambaya wadda yake nufin ta kunyata samarin da suka rungumi wata sabuwar hanyar nazari da ta fito daga Jamus. Tambayar kuwa ita ce: in an ɗauki kifin salmon da gaiwa da saniya, shin da gaske ne waɗannan samari suna nufin gaiwa ta fi kusa da saniya a kan kusancinta da ɗan'uwanta kifi? Samarin ba su ji kunya ba. A shekarar 1979 suka buga amsarsu a mujallar Nature, suka ce i, abin da suke nufi ke nan.

Ba a san salmon a kogunan ƙasar Hausa ba, amma in an sa tarwaɗa a gurbinsa tambayar tana nan yadda take. Gaiwa kuwa babu masuncin fadamar Haɗeja ko na tafkin Cadi da bai san ta ba, ya kuma san yadda take shigewa cikin laka in ruwa ya janye, ta kwanta a can tana numfashi har damina ta zagayo. In aka ce masa gaiwa ta fi kusa da saniya a kan tarwaɗa, to, zai ɗauka an yi masa ba'a ne, kuma ba za a ga laifinsa ba. Duk da haka amsar da samarin nan suka bayar ita ce masana suka tsaya a kai. Yadda aka yi aka kai ga wannan matsayi tarihi ne mai tsawo, jigonsa kuwa abu ɗaya ne, watau bambancin da ke tsakanin kama da dangantaka.

Kowace al'umma tana da nata tsarin rarrabe halittu. Bahaushe yana da dabbobin gida da namun daji, yana da tsuntsaye da kifaye da ƙwari da masu jan ciki, kuma tsarin yana biya masa bukata, domin abin da makiyayi da maharbi da masunci suke so su sani shi ne inda halitta take zaune da yadda take tafiya da amfanin da za a yi da ita. Wannan tsari ba ya cijewa sai a wurin halittu irin su jemage, wanda tatsuniya ta daɗe tana yi wa tsiya saboda rashin gurbi tsakanin tsuntsaye da dabbobi. Masanan dā ma a kan irin wannan turba suka fara. Aristotil, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, ya raba dabbobi gida biyu, masu jini da marasa jini, ya kuma lura cewa akwai manyan halittun teku da ke numfashi da huhu suna shayar da 'ya'yansu nono, saboda haka ya ware su daga sauran kifaye. Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya kasa dabbobi huɗu a cikin Kitabul Hayawan: masu tafiya, masu tashi, masu iyo, da masu jan ciki. Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, bai wahalar da kansa da rabe-rabe ba, sai ya jera sunayen dabbobi bisa haruffa a cikin Hayatul Hayawan. Kowane daga cikinsu ya zaɓi ma'auninsa, kuma ba a iya cewa wani ya yi kuskure, tun da ba a riga an tsai da abin da ake son rarrabewa ta nuna ba.

Wanda ya kafa tsarin da ofisoshin gona da na gandun daji suke aiki da shi shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1778. Littafinsa Systema Naturae ya fara fitowa a ƙasar Holan a 1735 da 'yan shafuka da ba su kai 20 ba. A 1753 ya fitar da littafin tsirrai mai nau'i wajen 6,000, sa'an nan a 1758 ya fitar da bugu na 10 na littafin farko mai nau'in dabbobi wajen 4,400. Shi ne ya tabbatar da al'adar ba kowace halitta suna biyu na Latin, na farko na gida, na biyu na nau'i, ya kuma shirya gidaje cikin manyan rukunoni, rukunoni cikin azuzuwa, kamar yadda ake shirya ƙauyuka cikin gunduma, gundumomi cikin lardi. A bugun 1758 ne ya cire babbar dabbar tekun nan da Turawa ke kira wel daga cikin kifaye ya mai da ita cikin masu shayarwa. A bugun nan kuma ya sa jemage rukuni ɗaya da birai da mutum, abin da na baya ba su karɓa ba game da jemage.

Linnaeus mutum ne mai riƙo da addini, a ganinsa yana bayyana tsarin da Mahalicci ya shimfiɗa ne. Amma ya san cewa hanyar da ya bi wajen tsirrai dabara ce kawai ta sauƙaƙa aiki. Ƙirga 'yan sandunan da ke ɗauke da garin fure ya yi, ya kasa tsirrai azuzuwa 24, ta haka itatuwan da ba abin da ya haɗa su suka faɗa aji ɗaya saboda lissafi ya zo daidai. Shi da kansa ya yi fatan a sami tsari na ainihi. Masanan Faransa, musamman Jussieu a 1789, suka yi ta ƙoƙarin nemo shi ta hanyar duba siffofi masu yawa gaba ɗaya. A 1843 Richard Owen na Ingila ya fayyace wani bambanci mai muhimmanci: akwai gaɓoɓin da ƙirarsu ɗaya ce ko da aikinsu ya bambanta, kamar hannun mutum da fiffiken jemage da ƙafar gaba ta doki, akwai kuma waɗanda aikinsu ɗaya ne amma ƙirarsu dabam, kamar fiffiken jemage da na fara. Kowa ya yarda cewa kashin farko ne abin dogara. Abin da ya gagara shi ne a faɗi dalili.

Dalilin ya zo a 1859, cikin littafin Charles Darwin a kan asalin nau'o'in halittu. Hoto ɗaya tak ke cikin littafin, zane ne na rassa suna fita daga rassa. Darwin ya yi bayani cewa abin da masana suka daɗe suna laluba ba tare da sun san sunansa ba shi ne salsala: halittu sun zo gida-gida ne saboda 'yan kowane gida sun fito daga tsatso ɗaya, suna sauyawa sannu a hankali cikin zamani mai tsawo. Ra'ayin ya jawo jayayya mai zafi tsakanin malaman addini da na kimiyya a Turai da wajenta, amma wannan fage ne dabam. Abin lura ga wannan tarihi shi ne, masana rabe-rabe sun karɓi maganar da baki, aikinsu kuwa bai sake ba. Ernst Haeckel na Jamus ya zana manyan bishiyoyin salsala tun daga 1866, kyawawa ƙwarai, masu kututture da saiwa, amma yawancin rassansu hasashe ne. Kusan shekara 90 aka yi ana tafiya haka. Babban masani zai shekara 30 yana duban ƙwari ko kifaye, sa'an nan ya yanke hukunci cewa wannan dangin wancan ne, in an tambaye shi hujja sai ya nuna furfurarsa. Sau da yawa yakan dace, domin gogewa ba ƙarya ba ce, amma in manya biyu suka saɓa babu ma'aunin da za a raba gardama da shi.

Wanda ya kawo ma'aunin bai yi kama da mai juyin ilimi ba. Willi Hennig ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an haife shi a 1913 a wani ƙauye na yankin Sakson ta Jamus, sana'arsa kuwa nazarin ƙudaje. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi aka ɗauke shi soja, aka ji masa rauni a fagen Rasha a 1942, daga baya aka tura shi Italiya aikin yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro. A 1945 sojojin Ingila suka kama shi, suka sa shi ya ci gaba da wannan aiki a ƙarƙashinsu. A wannan zama na fursunan yaƙi ne ya rubuta daftarin littafinsa, wanda aka buga a Balin a 1950. Littafin bai sami masu karatu ba. An rubuta shi da Jamusanci mai nauyi, a lokacin da takarda ke wuya kuma duniya ba ta ɗokin jin abin da ya fito daga Jamus. Sai a 1966, da aka buga wani sabon tsarinsa da Ingilishi a Amurka, sa'an nan magana ta bazu.

Koyarwar Hennig ba ta da wuyar faɗi. Ya ce kamanni iri uku ne, kuma ɗaya ne kaɗai yake shaidar kusanci. Akwai kamar da ta zo saboda zama iri ɗaya, kamar siffar kifi da wel ya ɗauka don yana iyo; wannan an daɗe da sanin yaudara ce. Akwai kamar da ta zo daga tsohon gado, watau halin da kakan kowa da kowa yake da shi, wasu suka riƙe wasu suka yar. Akwai kuma sabon gado, watau halin da ya fara ɓulla a jikin kaka ɗaya, 'ya'yansa da jikokinsa kaɗai suka gada. Gudummawar Hennig ita ce nuna cewa tsohon gado ma ba hujja ba ne. Alal misali, in aka tarar da mutum uku, biyu suna zaune a gidan gado suna noma irin na kakanninsu, na uku ya tafi birni ya zama akawu, zaman biyun nan a ƙauye bai nuna uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Mai yiwuwa ɗayansu wan akawun ne, ɗayan kuwa ɗan kawu ne na nesa. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ba su tashi ba.

A nan ne amsar tambayar taron Reading take. Gaiwa da tarwaɗa suna zaune a ruwa, suna iyo, suna da siffar kifi, amma duk wannan tsohon gado ne, domin kakan saniya ma a can can baya haka yake. Abin da za a nema shi ne sabon gado. Gaiwa tana da huhun da ke aiki irin na dabbobin tudu, da jijiyar da ke komo da jini daga huhu zuwa zuciya, zuciyar kuma ta fara rabuwa gida biyu, ƙirar ƙasusuwan gaɓoɓinta na iyo ta bi tsarin da ƙafafu suka fito daga cikinsa. Saboda haka gaiwa da saniya suna da kakan da tarwaɗa ba ta da rabo a cikinsa. Sharaɗi na biyu da Hennig ya kafa ya fi wannan ɗaci: kada a ba wani rukuni suna sai in ya ƙunshi kaka da zuriyarsa gaba ɗaya, ba a bar kowa a waje ba. Bisa wannan sharaɗi ajin kifaye na littattafan makaranta ya rushe, haka ma ajin masu jan ciki, domin kada ya fi kusa da kaza a kan kusancinsa da damo ko guza. Kada yana da ƙundu, zuciyarsa ɗaki huɗu ce, yana gina sheƙa, yana kuma tsaron 'ya'yansa.

Ɗaliban harshe za su ga sun san wannan ƙa'ida tun ba yau ba, kuma ba su yi kuskure ba. Darwin da kansa ya kawo misalin salsalar harsuna don ya bayyana manufarsa, August Schleicher kuma ya rubuta wa Haeckel doguwar wasiƙa a 1863 a kan kamar da ke tsakanin fannonin biyu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana harsunan Turai suka gane cewa sabon canjin da harsuna biyu suka yi tarayya a kansa shi ke nuna reshe ɗaya suke. Hausa ma ta sha irin wahalar da gaiwa ta sha. A 1912 Carl Meinhof ya haɗa ta da Fulatanci da harshen Masai da na Nama cikin rukuni ɗaya, bisa kamannin nahawu da ra'ayoyin launin fata da babu ruwansu da harshe. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano wajen 1938 da 1939, shi ya rushe wannan gini, a littafinsa na 1963 ya tabbatar da Hausa cikin harsunan Cadi tare da Bolanci da Angas da Margi, ya mai da Fulatanci cikin wani babban gida dabam.

Ba a karɓi Hennig cikin ruwan sanyi ba. Tun a 1963 Robert Sokal da Peter Sneath sun riga sun kawo tasu hanya, suka ce a bar zancen salsala tun da ba wanda ya shaida ta, a ƙirga siffofi ɗari ko ɗari biyu a ba kwamfuta ta auna yawan kama. Ernst Mayr na Jami'ar Harvard kuwa, a suka mai tsawo da ya buga a 1974, ya ce tsarin da zai haɗa kaza da kada ya manta da nisan tafiyar da tsuntsaye suka yi, fiffike da gashi da jini mai ɗumi, alhali wannan nisa shi ma gaskiya ne. Maganar Mayr tana da ƙarfi, har yanzu ma masunci da likitan dabbobi da kalmar kifi suke aiki, ba kuma za su daina ba. Rauninta shi ne babu mudun auna nisan da ya isa a ware wa zuriya aji nata, sai dai a koma ga hukuncin manya. Hennig ya rasu a 1976 rigima ba ta lafa ba. Har ta kai a 1980 wani masani ya zargi gidan adana kayan tarihin halitta na Landan da cusa aƙidar Markisanci, don kawai ya shirya nunin ƙasusuwan dinoso bisa sabuwar hanyar, wadda aka laƙaba wa suna kiladistik daga kalmar Girkanci mai ma'anar reshe.

Abin da ya kashe gardamar daga wani ɗaki ya fito. A 1965 Emile Zuckerkandl da Linus Pauling suka nuna cewa sinadaran da ke cikin ƙwayar halitta suna ɗauke da tarihinta kamar yadda tsohon kundi ke ɗauke da kurakuran magabatan da suka kwafe shi. Carl Woese na Jami'ar Illinois ya shekara wajen 10 yana bin wannan sawu a cikin ƙananan halittun da ido ba ya gani, a 1977 shi da George Fox suka sanar cewa waɗansu daga cikin waɗanda ake kira bakteriya, irin masu fitar da iskar gas a tumbin saniya, wani babban reshe ne mai zaman kansa. A 1990 aka ba shi suna arkiya, aka kasa rayayyun halittu manyan gidaje uku. Da karanta ƙwayar gado ta DNA ya yi sauƙi sai sakamako ya yi ta zuwa. Naman kaza ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Wel ya tashi dangin dorina, a 2001 kuma aka bayyana ƙasusuwan tsofaffin wel masu ƙafafu daga Pakistan, idon sawunsu irin na masu rababben kofato. A 1998 aka sa wa wani rukuni suna Afrotheria, wanda ya haɗa giwa da agwada da ayun kogin Binuwai da dabgi, zuriyar da ta yaɗu a Afirka sa'ad da teku ta kewaye ta. An daɗe ana zaton kusancin ukun farko saboda ƙirar jikinsu, dabgi kuwa a dā tare da masu cin tururuwa na Kudancin Amurka aka ajiye shi. A 2021 aka karanta ƙwayar gadon gaiwa gaba ɗaya, wadda ta ninka ta mutum fiye da sau 10, ta kuma tabbatar da amsar 1979.

Sai dai bishiyar ba ta fito tsaf ba. A tsakanin bakteriya ana aron ƙwayoyin gado daga maƙwabta, ta haka ne ma jure wa magani ke yaɗuwa a asibitoci, kuma wannan aro yana rikita salsala kamar yadda kalmomin Larabci da na Ingilishi da ke cikin Hausa za su rikita wanda ya dogara da ƙamus kaɗai.

A fagen tsirrai ne ma'aikaci zai fi jin abin a jikinsa. Daga 1998 wata ƙungiyar masana ta sake tsara gidajen tsirrai masu fure, ta sabunta tsarin a 2003 da 2009 da 2016. A sabon tsarin kuka da rimi da lalo da goro, waɗanda a dā aka warwatsa gidaje uku, sun komo gida ɗaya da kuɓewa da yakuwa da rama da auduga. Mai girki za ta ce ai yauƙin kuka da kuɓewa da lalo ya riga ya faɗa mata haka, kuma ta yi gaskiya, amma karkashi da yake da yauƙi kamar su ba ya cikinsu, shi dangin riɗi ne.

Rigimar da ta fi taɓa Afirka ita ce ta sunan Acacia. Tun 1754 aka kafa sunan, bagaruwa kuwa ita ce nau'in da aka jingina shi a kai. Da bincike ya nuna cewa itatuwa fiye da 1,300 da ke ɗauke da sunan ba zuriya ɗaya ba ne, sai ya zama dole a raba su, kuma bisa ƙa'ida reshen bagaruwa ne ya kamata ya riƙe sunan. Amma wajen nau'i 1,000 a Ostareliya suke, masananta suka nemi a mai da sunan kan wata itaciyarsu domin a rage yawan sunayen da za a sake. Babban taron masana tsirrai na duniya ya amince a birnin Biyana a 2005, cikin ƙorafi mai yawa a kan yadda aka yi ƙuri'a, taron Melbourne kuma ya tabbatar a 2011. Kimiyya ce ta tilasta rabuwar, amma wanda zai gaji sunan shawarar taro ce, a nan kuwa an fifita yawa a kan asali, hujjar masanan Afirka ba ta yi rauni ba. Bagaruwa da farar ƙaya suka koma Vachellia, ɗakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia. Gawo ya riga su fita tun 1934, sa'ad da Auguste Chevalier ya ware masa gida nasa ya kira shi Faidherbia, da sunan wani gwamnan Faransa na Senegal. Saboda haka jami'in gandun daji da ya buɗe tsohon rahoto ya ga Acacia nilotica, ya buɗe sabo ya ga Vachellia nilotica, bagaruwar majema ɗaya ce ake nufi.